Malama, gina musu zuciyar a allo, kada ki kawo ta a kammale

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kin zana zuciya a kwali kin kafe a bango, yaran ajinki na sakandare sun kwafa tsaf, amma da aka tambaye su ta ina jini yake bi sai suka yi tsuru-tsuru. Ba kyan zanen ne ya gaza ba. Zanen da aka kawo a kammale, da sunaye goma sha biyu a jikinsa, hannu da ido kawai yake sa wa aiki. Yaro zai kwafa kamar mai ɗaukar zanen hula, bai san dalilin da layi ya bi nan bai bi can ba. Wanda yake zama a ka shi ne wanda aka gina a gabansu, kina ja kina bayani.

Ki ajiye kwalin tukuna. Ki fara da akwati mai kusurwa huɗu a tsakiyar allo, tsayinsa kamar kamu biyu. Ki raba shi da layi mai kauri daga sama zuwa ƙasa, sannan da siririn layi a gicciye. Ga ɗakuna huɗu: biyu na sama masu karɓar jini, biyu na ƙasa masu tura shi. A saman akwatin ki rubuta huhu, a ƙasansa ki rubuta sauran jiki.

Kafin ki ƙara komai, ki warware maganar dama da hagu, don a nan yawancinsu suke ɓata. Damar zuciya tana hagun allo, saboda zanen na mutumin da yake fuskantarmu ne. Ki kira yaro ɗaya ya jingina bayansa da allo ya ɗaga hannun dama, su ga da idonsu ta wane gefe ya faɗo. Minti ɗaya ne, amma idan kika tsallake shi za ki yi ta gyaran kuskure ɗaya har ƙarshen zango.

Sai tafiyar jini, kibiya ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta. Ta 1 daga jiki zuwa ɗakin sama na dama, ta 2 ta sauka ɗakin ƙasa na dama, ta 3 ta fita zuwa huhu. Ki dakata ki tambaye su me jinin ya je yi a huhu. Kada ki amsa musu, ki jira har wani ya ce ya je ɗaukar iskar oksijin. Yanzu ki canja launin alli: ta 4 daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu, ta 5 ta sauka ƙasa, ta 6 ta fita ta babbar jijiya ayota zuwa jiki duka. Kibiyoyi shida, launi biyu. Ƙofofin da ke hana jini komawa baya ki bar su sai sun iya bin hanyar da kansu.

Launi yana da nasa tarko. Littattafai suna sa ja da shuɗi, sai yaro ya tashi da imanin cewa akwai shuɗin jini a jikinsa, ga shi kuma yana ganin jijiyar hannunsa ta yi kore-kore. Ki faɗa musu ƙarara: duk jini ja ne, wanda ya rabu da oksijin ɗinsa ya fi duhu, launin allo alama ce kawai. Kuma jan alli da shuɗi ba sa fita a baƙin allo, balle wanda ya koɗe ko hasken taga yake dukansa. Fari da rawaya sun fi. Kada ki haɗa ja da kore, akwai yara, galibi maza, da ba sa bambance su, kuma ba za su faɗa ba don su ma ba su sani ba.

Idan ajin ya kai mutum saba'in ko tamanin, harafi ya kai tsayin yatsa. Ki taka har bencin ƙarshe ki duba, abin da ba ki iya karantawa daga can ki goge ki sake. Sunaye a waje, a jere, layin nuni ya taɓa ainihin wurin. Suna shida ko bakwai sun isa a darasi ɗaya na minti 40. Ki yi bayanin aikin sashe da Hausa idan ya kama, sannan ki rubuta sunansa na Turanci, tunda da shi za a tambaye su.

Wurin da koyo yake shiga na gaske shi ne bayan an gama. Ki goge sunaye da kibiyoyi, ki bar akwatin. Su rufe littafi, bibbiyu, ɗaya ya bi hanyar da yatsa yana faɗa, ɗayan yana kama shi idan ya kauce. Sannan tambayar da kwafe ba ya amsawa: in aka sami huda a bangon tsakiya, me zai faru? Wanda ya ce jinin biyu zai gauraya, jiki ya sami ƙarancin oksijin, ya gane. Bayan kwana biyu ko uku su sake zanawa da ka a minti biyar na farkon darasi. Ki zaga ki duba inda kibiya ta juye, nan ne za ki maimaita.

Sai a darasi na biyu kwalinki zai yi amfani, a gefen akwatin, su nemo kowane ɗaki a cikinsa. In da hali ki sayo zuciyar rago ko ta akuya wurin mahauci, ki roƙe shi kada ya datse jijiyoyin saman. Ki yanka ta a gicciye ta tsakiyar ɗakunan ƙasa. Za su ga rami biyu: bangon ɗaya siriri mai laushi, na ɗayan kauri kamar babban yatsa. Ki tambaye su wanne ne na hagu, kuma don me. Na dama huhu kawai yake kai wa, ga shi nan kusa, na hagu kuwa har tafin ƙafa.

Masu shirin WAEC da NECO kuma, ki saba musu da ƙa'idar zane tun yanzu: fensir mai tsini, layi ɗaya mara katsewa, ba shafa inuwa, layin nuni da rula, ba kan kibiya, kada biyu su gitta juna, sunaye a kwance, da take. Idan tambaya ta faɗi tsayin zane, misali santimita 8 zuwa 10, su auna kafin su fara, don akan rasa maki a kan haka ko da zanen ya yi kyau.