Bizar ɗalibi da tayin hawa dandali a Ingila

Wani matashi ne ya rubuto daga Manchester. Ya ɗan taɓa fitowa a finafinan Kannywood kafin ya tafi digiri na biyu a fannin kasuwanci. Yanzu wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo ya yi masa tayin fitowa na 'yan makonni, kuma za a biya shi. Bizar ɗalibi gare shi, sannan Hajiyarsa ba ta san bai bar harkar ba. Yana tambaya ko ya karɓi tayin, da kuma ko ya gaya mata.

Ƙanena, kada ka sa hannu a takardar wannan aiki. Awa 20 ɗin da aka yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu ba su shafi wannan ba. Bizarka ta hana aikin nishaɗantarwa, ta kuma hana ka zama mai aikin kansa, alhali yawancin 'yan wasa a Ingila haka ake biyan su. Sassaucin da ake yi na ɗaliban da wasan ke cikin kwas ɗinsu ne. Kuma wannan sana'a ba ta ɓoyuwa: sunanka da hotonka za su hau fosta, su zauna a intanet har ranar da za ka nemi sabuwar biza.

Ka gaya wa daraktan gaskiya, ka roƙe shi ya tuna da kai. Idan ka kammala, bizar Graduate, wadda ake ba ɗaliban da suka gama digiri, tana ba ka damar aikin kanka, a nan ne za ka nemi wakili mai nema maka aiki, ka yi rajista da Spotlight inda masu zaɓen 'yan wasa ke dubawa, ka shiga Equity, ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Wakilin kirki kaso yake ɗauka daga abin da ka samu. Wanda ya ce ka fara biya kafin ya nema maka aiki, ka yi masa sallama.

Abin da za ka iya tun yau shi ne tara hujja. Bizar Global Talent ta ƙwararru, wadda aka fara a 2020, a fanninka tana neman amincewar Arts Council England, hukumar da ke kula da harkokin fasaha da al'adu a Ingila, su kuwa takarda suke karantawa, ba "kowa ya san ni a Kano" ba. Mu a gida sau da yawa da baki ake ƙulla aiki, to ka kira furodusoshin da ka yi wa aiki su rubuto maka wasiƙa, ka adana duk jaridar da ta ambace ka. Kafin ka cike komai, ka ga lauyan shige da fice, domin dokokin nan suna yawan sauyawa.

Batun Hajiya kuwa, ba na goyon bayan ɓoyon. Gara ta ji daga bakinka da wata maƙwabciya ta miƙa mata waya. Tsoronta sananne ne: kada ka watsar da karatu, kada kuma a ga ɗanta yana abin kunya. Ka nuna mata sakamakon jarrabawarka, ka faɗa mata irin fitowar da ba za ka taɓa yi ba. Wannan iyakar kuma ka faɗa wa wakilinka tun ranar farko, a rubuce.