Baƙin soso a kan murjani: me zai sami kifayen?

Habibu, wanda ke koyon aikin kula da tankunan kifin teku a Wuse, ya tambaya: "Maigida, a tankin nan na Maitama na ga wani baƙin abu ya shafe gindin murjani, kullum ƙara hawa yake yi. Su kuwa kifayen lafiyarsu ƙalau. In ƙyale shi ne?"

Kada ka ƙyale shi, Habibu, domin murjani dabba ce mai rai da ke gina ƙashi mai rassa kamar dutse, ana iya kashe ta. Amma ka fara tabbatar da abin da kake gani. Cika sirinji da ruwan tankin ka fesa masa da ƙarfi. In ya ɓare yana yauƙi, gansakuka ce, aikinta daban. In ya manne gam, kuma ka ga 'yan ƙananan ramuka a jikinsa, to soson teku ne. Dabba ce, ta waɗannan ramukan take zuƙar ruwa ta tace abincinta.

A teku akwai wani da ya yi ƙaurin suna, Terpios hoshinota. An ba da rahotonsa a tsibirin Guam a 1973, aka raɗa masa suna a 1993 daga tsibiran Ryukyu na Japan, daga baya aka gan shi a Taiwan da Indonesiya da Maldibs. Kaurinsa bai kai milimita 1 ba, amma yana iya cin kusan milimita 1 a rana. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da hasken rana a cikin jikinsa, shi ya sa yake neman inda murjani yake nema. Ba lallai naka ya zama shi ba, amma ɓarnar iri ɗaya ce: ya rufe murjani, ya tare masa haske da bakin cin abinci, naman ya mutu a ƙarƙashi.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kifi ba ya nuna komai da wuri, don soson ba ya taɓa shi. Abinci ne ke fara yankewa. Kifayen Chaetodon, masu launi kamar malam-buɗe-littafi, da yawansu naman murjani suke tsakura, su ne ke fara raguwa a wurin da murjani ya mutu. Su kuwa ƙananan nan, Chromis da Dascyllus, da ke shigewa tsakanin rassa in sun tsorata, za su ɗan daɗe, domin rassan suna nan tsaye ko da sun mutu. Sai dai mataccen murjani ya daina gina ƙashinsa. Tsutsotsi da wasu sosayen masu huda dutse su shiga cinsa ta ciki kamar yadda gara ke yi wa azara, igiyar ruwa ta zo ta karya. Daga nan maɓuya ta ƙare, manyan kifi su cinye ƙanana, 'ya'yan kifin da ke neman murjani mai rai su sauka a kai su rasa wuri. Masu cin soso kuma ba su da yawa: kifayen Pomacanthus da wani kunkurun teku mai baki kamar na shaho. Kada ka ce za ka sa Pomacanthus a tankin ya yi maka aikin, da murjanin zai haɗa.

Ga yadda za ka yi. Kada ka kankare shi a cikin tanki, kowane ɓarɓashi na iya mannewa wani wuri ya tsiro, wasu sosayen kuma suna sakin guba in an ji musu rauni. Sa safar hannu, ka ɗebi ruwan tankin a bokiti biyu. Ciro dutsen, ka kankare da reza, ka bi da buroshin haƙori a bokitin farko, ka ɗauraye a na biyu. Inda ya shige rami, ɗiga masa haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, ka jira minti 2, amma kada ya taɓa naman murjani. In ya riga ya hau reshe, yanke santimita 1 sama da inda ya kai, ka manna lafiyayyen a sabon dutse. Ruwan bokitan nan zubar da shi za ka yi.

Bayan haka ka canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan, ka sa sabon gawayin tacewa. Gishirin teku gram 35 a lita, zafi tsakanin digiri 24 da 26.

Sannan ka bincika ruwan da ake ƙarawa. Da yawan sosaye da sinadarin silika suke gina ƙashinsu, ruwan burtsatse kuwa yakan zo da shi. In mai tankin na cika shi da ruwan burtsatse kai tsaye, ko matatar RO, mai tace sinadarai daga ruwa, ta tsufa, gobe ma soson zai dawo. Rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti 2, ka haɗa famfon da inbata, don ruwan da ya tsaya in an ɗauke wuta murjani yake raunanawa.

Ka ɗauki hoton wurin da rula a gefe duk mako har wata guda. Sabon dutse kuma ya yi mako 4 a wani tanki daban kafin ya shiga wannan.