Amsa: Cin abinci da kauce wa cunkoso a jirgin ruwan yawon buɗe ido

Hajiya, kin ce daga Abuja za ki Dubai ki hau jirgin, kina tambaya yadda za ki ci abinci ba tare da bin layi ba.

Ranar hawa, kada ki nufi zauren da kowa ke zuba wa kansa abinci. Daga 12 zuwa 2 kowa can yake, da jakarsa a hannu, neman kujera ma aiki ne. Ki duba babban ɗakin cin abinci, inda ake kawo miki har tebur.

Karin kumallo kuwa, kafin 7:30 ko bayan 9:30. Da dare yawanci zama biyu ne, wajen 6 da wajen 8:30. Na biyun ya fi natsuwa, masu yara sun gama.

Batun halal ne ke neman shiri. Ki sanar da kamfanin makonni kafin tafiya, don a tasha suke lodin kayan abinci. Kowane dare ki nemi jerin abincin gobe, ki tambaya ko an sa giya a miya, ko gelatin na alade (sinadarin da ke sa abu ya daskare) a kayan zaƙi. In kina shakka, kifi da ganye.

Kafin ci, ki wanke hannu da sabulu. Man tsabtace hannu (sanitaiza) bai cika kashe ƙwayar amai da gudawa ba.