Amsa ga ɗan'uwan da ruwa ya shiga besimen ɗinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. To ƙanina na ga bidiyon da ka turo, kuma na ji tambayarka, ka ce ruwan saman jiya ya shiga besimen ɗinka, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanka a nan birnin Niyok na Amurka, ya kai wajen gwiwa, yanzu ya janye saura ɗan kaɗan a ƙasa, wai shin ka goge kawai ka kunna fanka ko sai ka kira kamfani. Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsare na gaba. Ka yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, abin ya taɓa samuna ne shi ya sa.

Kafin komai dai, dan Allah dan Annabi kar ka sake taka ruwan nan, na ganka a bidiyon da silifas kana yawo a ciki wallahi sai da gabana ya faɗi. Soket-soket ɗin besimen a ƙasa suke, ruwan da ya kai gwiwa ya riga ya shafe su, kuma akwatin wutar gidan ma galibi a can ƙasan yake, to in ba za ka iya kai hannu gare shi kana tsaye a busasshen wuri ba kar ka taɓa, ka kira kamfanin wuta na Con Edison ko mai aikin wuta mai lasisi. Boila, wato tukunyar ɗumama gida, da hitar ruwan zafi ma in ruwa ya taɓa su kar ka kunna sai an duba, in kuma ka ji warin gas ku fita waje gaba ɗaya da iyali sannan ka kira lambar gaggawa ta 911 daga waje.

Sai hoto. Kar ka zubar da ko tsinke sai ka ɗauka, ka ɗora tef ɗin awo jikin bango daidai layin da ruwan ya bari ka ɗauka, ka ɗauki lambar jikin boila da injin wanki da firiza, komai da komai, don 'yan inshora da ido suke aiki, bakinka ba zai wadatar da su ba.

Na lura a bidiyon ruwan ta ramin magudanar ƙasa yake bulbulowa da ta bakin masai, ba ta taga ya shigo ba. To wannan ruwan kwata ne, da najasa a ciki. Yawancin tsofaffin unguwannin Niyok bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ruwan bayan gida, kuma yawanci an gina su ne su ɗauki ruwan saman da bai wuce inci 1.75 a awa ɗaya ba, in ya wuce haka sai ya dawo da baya ya nemi wuri mafi ƙasa, wato besimen ɗinka da nawa. Daren 1 ga Satumba 2021 da ragowar guguwar Ida ta zo inci 3.15 aka auna cikin awa ɗaya a filin shaƙatawa na Central Park, kaga kusan ninki biyu kenan. Saboda haka kafet da katifa da kujerun kushin da kwalaye, duk abin da yake shan ruwa, haƙuri za ka yi ka fitar da shi, na san da ciwo amma ba ya wankuwa. Tufafi a wanke da ruwan zafi, robobi da ƙarfe da tayil a wanke da sabulu sannan a bi da bilic, kofi ɗaya a galan ɗaya na ruwa, kuma kar a kuskura a haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya, hayaƙinsa na iya kashe mutum a rufaffen wuri. Takalmin roba, safar hannu, takunkumin N95, kar yara su sauko.

Yanzu ga abin da ya sa na yi muryar nan, bango. Mu da muka taso a gidan bulo da siminti mun saba in ruwa ya shiga ɗaki a share a buɗe taga rana ta yi aikinta, to bangon nan ba haka yake ba, shitrok ne, alli ne aka manna wa takarda gaba da baya, bayansa kuma audugar nan ta tare sanyi ce da katako, yana tsotsar ruwa ya hau sama kamar lagwani, ka taɓa waje ka ji ya bushe alhali ciki jagab yake. Funfuna kuma cikin awa 24 zuwa 48 take fara kamawa, kai kuma ka riga ka ci kwana ɗaya.

Ni lokacin Ida ruwan bai ma kai naka ba, iyakarsa ƙwauri. Na kwashe, na goge, na kunna fankoki biyu, da na ga ya bushe na sayo fenti na shafe layin ruwan, na ce alhamdulillahi an wuce wurin. Bayan kamar sati uku uwargida ta fara cewa tana jin wari in ta sauka wanki, irin warin tsohon buhun da ya kwana a damina, ƙaramar 'yata kuma mai asma tari ya ƙi barinta da dare. Ranar da na sa wuƙa na yanka bangon bayan injin wanki, wallahi bayan takardar baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi, audugar na matsa ta ruwa na ɗiga, sati uku fa. Aikin da zan yi da hannuna cikin kwana biyu sai da na biya kamfani, don a jihar nan in funfunar ta wuce murabba'in ƙafa 10 kuma za ka ɗauki ma'aikata, doka ta ce masu lasisi ne, kuma wanda ya duba ya rubuta rahoto daban, wanda zai yi aikin daban.

To gobe da safe in an tabbatar wuta a kashe take, ka ja layi kamar ƙafa ɗaya sama da inda ruwan ya tsaya, wasu ƙafa biyu suke yi don allon ya fi sauƙin mayarwa, ka yanke duk na ƙasan ka fitar, ka zare audugar ka ɗaure a baƙar leda, katakon ya fito fili ya sha iska. Fanka ita kaɗai juya danshin kawai take yi a ɗakin, sai ka haɗa da injin nan mai tsotse danshi, ana bayar da hayar manya, ka bar shi dare da rana. Kar ka rufe bangon don ido ya ce maka ya bushe, akwai 'yar na'urar auna danshin katako ba tsada, ita za ta faɗa maka. In da janareta za ka yi aiki a waje za ka ajiye shi nesa da taga, ƙafa 20 aƙalla.

Batun kamfani kuwa, tunda ruwan kwata ne in da hali ka kira, amma kwanakin nan masu ƙwanƙwasa ƙofa da farar mota za su yi yawa, kar ka ba kowa kuɗi duka a gaba, kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, a rubuta maka abin da za a yi da farashinsa.

Inshora ka kira su yau ɗin nan, amma ka shirya zuciyarka, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ambaliya, dawowar ruwan kwata ma sai in ka ƙara shi daban a takardarka, ka buɗe ka duba. Ta ambaliya ta gwamnatin tarayya kwana 30 take ɗauka kafin ta fara aiki, kuma a besimen irin su boila da hita take biya, ba kafet da kujeru ba. Ka kira 311, layin kai ƙorafi na birni, ka shigar da rahoto ka riƙe lambar, in za ka nemi diyya wajen birni ofishin kwanturola mai kula da kuɗin birni ake kai takarda cikin kwana 90, ba alkawari ba ne za a biya amma kar lokacin ya wuce ka. In ƙura ta lafa ka sa falamba ya saka maka bawul ɗin nan mai hana ruwa dawowa, da famfon rami mai batir, mai zuƙe ruwan da ya taru ya fitar da shi.

Sannan na ji ka ce akwai yaron da ya zo daga gida yana kwana a ƙasan. Dan Allah ka hau da shi sama ko a falo ne. A daren Ida mutum 11 suka rasu a ɗakunan besimen a birnin nan, yawancinsu a yankin Kwins, ruwa ya danne ƙofa suka kasa fita, har da ƙaramin yaro, Allah ya sa mu cika da imani. Ko bayan an gyara, duk daren da waya ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya kar kowa ya kwana a ƙasa.

Ina da injin tsotsar ruwa da fankoki biyu da na'urar awon nan, in sha Allahu bayan sallar asuba zan biyo da su, ka turo min adireshin ta gefe. Wanda yake kusa da yankin Buronks kuma ba ya aiki gobe ya taimaka ya zo da safar hannu, fitar da jiƙaƙƙen kafet ta matakala ba aikin mutum biyu ba ne. Wassalamu alaikum.