Hukuncin gudun motsa jiki da gajeren wando

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Ƙofar Marusa nake. Kullum bayan sallar asuba ni da abokaina mukan yi gudu har filin wasa na Muhammadu Dikko mu dawo. Wani dattijo a unguwarmu ya tare ni ya ce gajeren wandon da nake sawa haramun ne, gudun ma shashanci ne. Dogon wando kuma yana riƙe min ƙafa, ga zafi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, a batun gudun Baba ya tsananta. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A cikin Muslim kuma Salamatu ɗan Akwa'u ya nemi izininsa ya yi tsere da wani mutumin Ansar a hanyarsu ta komawa Madina, ya ba shi. Gudunku halas ne, da kyakkyawar niyya ma akwai lada.

Wandon kuwa, dattijo na da hujja. Al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take, sai dai malamai sun yi saɓani kan cinya. Hadisin Jarhadu ya ce a rufe ta don al'aura ce. Hadisin Anas kuma ya nuna cinyar Annabi (SAW) ta bayyana ranar Khaibar yana kan abin hawa. Bukhari ya ce na Anas ya fi ƙarfin isnadi, na Jarhadu ya fi kusa da tsantseni. Mai Risala, wadda muka taso muna biyawa a zaure, ya bi tsakiya: cinya al'aura ce, amma ba kamar tsiraici kansa ba.

Abin da na rinjayar shi ne ka rufe ta. Abin da ya faru a Khaibar yayewar tufa ce a cikin sukuwa, kai kuwa da gangan kake fita haka kowace safiya, kana ratsa titi, ga mata, ga yara masu tafiya makarantar allo. Na sha ganin samari a bakin filin nan sun ɗora ƙafa kan katanga suna miƙe jijiya, wandon ya tattare har gindin cinya. Wannan bai dace ba.

Ba sai ka sa dogon wando ba. A mazhabarmu gwiwa kanta ba al'aura ba ce, don haka wando mara nauyi da ya sauka kanta ya wadatar, kowane tela zai ɗinka maka. Matsattsen nan mai manne wa fata makaruhi ne in an sa shi shi kaɗai, domin yana fitar da surar jiki. In ka sa shi a ciki don kada cinyoyi su goge su yi ciwo, ka ɗora sakakke a kai, babu laifi.

Wallahu a'alam.