Mai wankin ƙoda da buɗa-baki da dabino

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ana yi mini wankin ƙoda sau 3 a mako. Fitsarina ya kusa tsayawa, kuma gwajin baya ya nuna fotasiyam ɗina 6.1. Ina son yin azumi a ranakun da ba na wanki. Likita ya hana ni dabino, amma wani ɗan'uwa ya ce abincin sunna ba ya cutar da mumini, barinsa raunin tawakkali ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Kai da kanka ka ambaci abin da hukuncin ya rataya a kansa: 6.1 ɗin nan da tsayawar fitsari. Fotasiyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, a jinin mai lafiya tsakanin 3.5 ne zuwa 5.0. Idan ya haura 6, bugun zuciya na iya rikicewa ko ya tsaya, sau da yawa ba tare da mutum ya ji wata alama ba. Ƙodar da za ta fitar da shi ta daina aiki, don haka fotasiyam ɗin abin da ka ci yana taruwa a jininka har na'ura ta cire shi. Dabino kuwa, giram 100 na ɗauke da wajen miligiram 650, alhali abin da ake yarje wa mai wanki a yini guda bai cika wuce 2,000 zuwa 3,000 ba, daga dukkan abincinsa. Saboda haka bin hanin likitanka wajibi ne a kanka.

Maganar ɗan'uwan nan kuskure ce, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Buɗa-baki da dabino mustahabbi ne, kiyaye rai wajibi, ba a kuwa zubar da wajibi don a riƙe mustahabbi. Hadisin Anas kan buɗa-baki da dabino ma ya ƙare da cewa idan babu dabino, Annabi (SAW) yakan kurɓi ruwa. Wanda aka hana saboda cuta hukuncinsa na wanda bai samu ba ne. Kuma da a ce dabino ba ya cutar da mumini, wa ya fi Sayyidina Aliyu imani a cikinmu? Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Annabi (SAW) yana cin dabino a gidanta, Aliyu ya sa hannu, sai ya dakatar da shi domin bai gama murmurewa daga jinya ba. Da ta kawo dafaffen sha'ir da ganye, ya ce ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. Ashe ƙauracewa abinci saboda jinya ita ma sunna ce. Ka faɗa wa ɗan'uwan da lallami ya daina ba marasa lafiya wannan fatawa, don rai yake wasa da shi.

Batun azumi: ranar wanki ba ka da shi, domin sukari da gishirai na ruwan na'urar suna shiga jini, kuma wannan ce fatawar Lajnatud Da'ima, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya. Sauran ranaku sai da izinin likitan ƙodarka, kuma da irin wannan sakamako ba na ba ka shawarar farawa. Idan ya ce ba a sa ran warkewa, ka ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Idan ya yarda daga baya, haɗarin yana wajen buɗa-baki ne, inda ake tara cin yini guda a zama ɗaya. Ka raba shi kashi uku tsakanin magariba da sahur. Ruwanka na awa 24 yawanci mililita 500 ne a haɗa da adadin fitsarin da ka yi jiya, kuma shayi da miya da ƙanƙara duk suna cikin lissafin. Zamzam ma haka, albarkarsa ba ta hana shi taruwa a huhu. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, shi ke kawo ƙishin. Ka guji gishirin da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini, galibinsa fotasiyam ne. Ayaba, lemon zaƙi da tumatir a rage sosai. Dankali a yayyanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Maganin ɗaure fosfaras, mai hana sinadarin fosfaras na abinci shiga jini, tare da abinci ake shan sa, idan ba haka ba bai yi aiki ba.

Ba ka tambayi tarawihi ba, amma na san za ka je. Ka zauna idan ka ji jiri, ladan tsayuwarka rubutacce ne. Takawa zuwa masallaci, minti 20 zuwa 30 a ranakun da ba ka wanki, alheri ce ga zuciyarka da ƙafafunka. Ka tsaya da zarar ka ji ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Hannun da aka haɗa maka jijiyar wanki kada ka ɗauki kaya mai nauyi da shi, kada ka yi matashi da shi. Kuma kada ka tsallake ranar wanki ko guda don itikafi ko wata ibada.

Allah ne mafi sani.