Tambaya da Amsa: Safar hannun da za ta tare sanyi da ruwa a kan babur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar acaɓa tsakanin Bukuru da Jos, kuma da asuba nake fita. Da hunturu yatsuna kan sandare har in kasa matse birki da kyau, da damina kuma safar ulun da nake sawa jiƙewa take yi sharkaf. Wace iri ya kamata in saya? (Daga wani mai karatu a Bukuru)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sandarewar yatsu a kan babur ba ƙaramin haɗari ba ne, domin hannun da ya mutu da sanyi ba ya kama birki da kuloci a kan kari. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga kuma iskar gudu. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 10 kana tafiyar kilomita 60 a awa, abin da fatarka ke ji bai wuce digiri 5 ba. Safar ulu ba ta tare iska, kuma da ta sha ruwa sai ta koma tana janye ɗumin hannun.

Safar da ta amsa sunanta hawa uku gare ta. Na waje fata ce ko yadi mai tauri, shi ke karɓar gogar kwalta idan aka faɗi. A tafin hannu fatar akuya ta fi, don tana da laushi ga ƙarfi, kana jin totur a hannunka. Na tsakiya wata siririyar leda ce mai hana ruwa shiga amma tana barin tururin gumi ya fita. Sunayen da za ka gani a jikin safar su ne Gore-Tex ko Hipora. Na ciki shi ne shafi mai riƙe ɗumi, irin su Thinsulate, kuma akan rubuta nauyinsa da giram. Ga sanyin ƙasarmu giram 40 ya wadatar, ko a Jos ba sai ka haura 100 ba. Masu kauri fiye da haka don ƙasashen ƙanƙara aka yi su, a nan gumi kawai za su tara maka, su kuma hana ka sarrafa babur yadda ya kamata.

Ka duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ciki. Idan akwai hoton mai babur da lamba EN 13594, to an gwada ta a matsayin safar babur. Haruffan KP na nufin tana da kariya a gaɓoɓin bayan hannu.

Sai batun girma, inda mutane da yawa ke yin kuskure. Ka zagaya tafin hannunka da tef ɗin tela a daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, ka gwada da ma'aunin kamfanin, don kowane kamfani da nasa. Amma gwaji na gaskiya shi ne ka sa ta ka kama kan babur. Ya kasance akwai ɗan sarari kamar rabin santimita a ƙarshen yatsu. Matsattsiya tana takura jini tana kuma danne shafin, sanyi ya fi shigarta. Wadda ta yi yawa kuma tana tattarewa a tafi, ta maƙale a hannun birki. Ka ɗaure maɗaurin wuyan hannu, ka ja ta da ɗaya hannun. In ta zare, ajiye ta, haka za ta zare ranar faɗuwa.

Tambaya: A gwanjo na sayi tawa, an rubuta ba ta shan ruwa, amma ruwan marka na cika ta. An cuce ni ne? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Ba lallai ba ne, Malama. Ki sa ta, ki tsoma hannu a bokitin ruwa zuwa ƙasa da bakinta, ki riƙa dunƙulewa kina buɗewa na minti uku. In kika ji laima a tsakanin yatsu, ledar ciki ta huje, kuma ba ta gyaruwa. In hannun ya fito a bushe, to ta baki ruwan ke shiga: yana gangarowa daga hannun rigar ruwa ya zube ciki. Maganinsa ki tura bakin safar ƙarƙashin hannun rigar, ki ɗaure rigar a kanta.

Wani abin lura a gwanjo: yawancin masu kaurin nan na wasan zamiya a ƙanƙara ne. Suna da ɗumi, amma kwalta na yaga su nan take. Ki nemi mai fata ninki biyu a gindin tafi, wurin da ke fara taɓa ƙasa.

Wajen cirewa, ki riƙe kan kowane yatsa ki ja a hankali. Jiƙaƙƙen hannu na janyo shafin waje, mayar da shi kuwa aiki ne. Kada a shanya ta a bakin murhu ko a kan salansa, zafi na ƙeƙasa fata ya lalata ledar. A cusa mata takardar jarida, a riƙa canjawa, a bar ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Baƙin mai kuma ba na shafa wa fata ba ne.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya sa siririyar safar ulu a ciki, ta fata a sama, sannan ya ɗaura wa kan babur robar tare iska irin ta baburan daji. Safar roba ta asibiti a ƙarƙashi tana fitar da mutum a tafiyar rabin awa, fiye da haka gumi zai taru ya sanyaya hannun. Mai fita kullum da damina ya tanadi biyu, yana sanye da ɗaya, ɗayar na bushewa a gida.